Ƙanin da Na Rasa a Duwatsun Margalla

Ni mutumin Zariya ne, malamin makaranta. Karatu ne ya kai ni Pakistan, Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Islamabad, inda na yi digiri na biyu a fannin Shari'a. Da yake da iyalina na tafi, ban zauna a masaukin ɗalibai ba. Muka kama haya a saman benen wani gida a unguwar I-10, mai gidan da matarsa suna ƙasa. Dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa. Duk layin Babaji ake ce masa, matarsa kuma Ammi, mu ma muka bi sahu.

Haya muka shiga, amma ba zaman haya muka yi ba. Da matata ta haihu, ba uwa ba uwar ɗaki a kusa, Ammi ce ta ɗaura ɗamara. Ita ke hawowa da asuba da ruwan zafi, ita ke yi wa jaririyar wanka ta mulke ta da mai a hantsi, ita ke yi wa matata faɗa idan ta taɓa ruwan sanyi. Ba sa jin yaren juna sosai, amma sai ka ji su a kicin suna ta hira da dariya, rabi Urdu rabi nuni da hannu. 'Ya'yansu uku ne: mata biyu suna gidajen mazajensu, sai ɗan auta namiji da ke aikin injiniya a Karachi. Ba zan ambaci sunansa ba, don ban nemi izinin 'yan'uwansa ba. Yana ce min bhai, wato yaya, ni kuma ina ce masa ƙanena. Kafin ya sami aikin Karachi shi ke goya ni a babur ɗinsa duk inda harkar takardun baƙi ta kama, ya tsaya a layi tare da ni, ya yi min tafinta. Shi ya fara kai ni Daman-e-Koh, wurin shaƙatawa da ke kan duwatsun Margalla, inda ake hango birnin gaba ɗaya a shimfiɗe. An riga an nema masa aure, kuma zuwan da zai yi a ƙarshen Yulin 2010 na sa rana ne, ana so a gama magana kafin azumi a yi biki bayan Sallah.

Ranar Laraba ce, 28 ga Yuli, 2010, tsakiyar watan Sha'aban. Tun dare ake tsuga ruwa. Wanda bai ga daminar can ba zai yi wuya ya gane: gajimare yakan sauko ya zauna a kan duwatsun har ka rasa inda dutse ya ƙare sama ta fara. Na fita da wuri zuwa ɗakin karatun da ke harabar Masallacin Faisal, wanda yake a gindin duwatsun sosai. Ina zaune kan littafi na ji rugugin jirgi ƙasa-ƙasa. Abin ya ba ni mamaki, domin filin jirgin yana can Rawalpindi ta kudu, kuma ba mu saba jin manyan jirage ta wannan gefen ba. Ban kawo komai a raina ba na ci gaba da karatu. Can sai na ga ma'aikatan suna fita ɗaya bayan ɗaya. Na bi su. A farfajiya mutane sun yi cirko-cirko cikin yayyafi suna nuna sama, ga hayaƙi yana fitowa daga cikin kurmin da ke jikin dutsen yana haɗewa da gajimare.

Wayata ta yi ƙara. Matata ce, muryarta na rawa. "Malam, kana ina? Ka taho, Ammi ta faɗi. Jirgin Karachi ne, ga shi a talabijin." Sai a lokacin na tuna cewa da safen nan na ga Babaji a ƙofar gida yana jiran tasi zai je tarye.

Na ce mata ta riƙe Ammi, ni kuma na wuce filin jirgi. Na tarar da wurin ya dagule, mata na kururuwa, maza na bugun tebur suna neman a yi musu bayani. Na daɗe ina kutsawa kafin na hango Babaji a jikin wani ginshiƙi, a tsaye ƙyam, riƙe da lema biyu. Ɗaya tasa, ɗaya ya taho wa yaron da ita saboda ruwa. Da ya gan ni bai yi kuka ba, ya ce, "Ɗana, idona ba ya gani sosai, je ka duba min takardar can." An manna jerin sunayen fasinjoji a bango. Na bi da yatsa ina addu'ar a ce ya makara jirgin ya tashi ya bar shi. Sunansa na nan. Na dawo na kasa buɗe baki, shi kuma ya dubi fuskata ya ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Abin da ya fi wahalar da mu a yinin nan shi ne labarin da ya bazu da rana, har a talabijin, cewa an ciro mutum biyar da rai. Kowane iyali ya sa nasa a cikin biyar ɗin. Babaji ya kama hannuna ya ce mu tafi asibiti, yaron nan ƙaƙƙarfa ne, yana wasan ƙwallo. Muka tafi babban asibitin gwamnati da ake kira PIMS, muka tsaya a ƙofar sashen gaggawa tare da ɗaruruwan mutane, duk motar asibitin da ta shigo a yi kanta. Kafin magariba aka janye maganar. Ba wanda ya tsira. Fasinja 146 da ma'aikata 6, rai 152, duk sun tafi. Har yau ba a yi haɗarin jirgin sama a cikin ƙasar Pakistan da ya ci rayuka kamar wannan ba. A cikinsu akwai ƙananan yara, akwai matasa shida 'yan majalisar matasa ta ƙasar da ke kan hanyar zuwa zamansu a Islamabad. Washegari gwamnati ta ayyana ranar makoki.

Inda jirgin ya faɗi ba hanyar mota. Gangare ne mai tsayi, ga kurmi, ga santsin ruwa. Masu aikin ceto da 'yan sa kai da ƙafa suka hau, jirage masu saukar ungulu na sauko da abin da aka tattara. Ba zan siffanta abin da na gani a asibitin ba. Ya isa in ce ba makara ake shigowa da ita ba, jakunkuna ne, kuma da yawa ba a iya gane su da ido. Wasu an gane su ta zobe, wasu ta katin shaida da ya rage a aljihu. Sauran aka ce sai an yi gwajin ƙwayoyin halitta, iyaye ko 'ya'ya su ba da jini. Na raka Ammi ranar da aka ɗebi nata. Ta miƙa hannu ba ta ko dubi allurar ba, ta tambayi yarinyar da ke ɗiba ko wannan zai isa, in bai isa ba a ƙara.

A daren nan, bayan masu ta'aziyya sun watse, Babaji ya kira ni tsakar gida. Ya ce, "Ɗana, kai ka yi karatu. Idan abin da za su ba ni kaɗan ne, ana yi masa salla?" Tambayar da na sha karantawa a babin jana'iza ce, na amsa ta a jarrabawa, ban taɓa zaton uba zai yi min ita game da ɗansa ba. Na san amsar. A mazhabarsu ta Hanafiyya sai an sami fiye da rabin jiki, ko rabi tare da kai, kafin a yi wanka da salla. A tamu ta Malikiyya ma sai an sami mafi yawan jikin. Kuma mazhabobin biyu ba sa yin sallar ga'ibi. Na gaya masa haka, don ba zan ɓoye masa ba. Sannan na gaya masa cewa Shafi'iyya da Hanbaliyya suna wanke duk abin da aka samu na jikin Musulmi su yi masa salla, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Najjashi salla a Madina alhali gawarsa na Habasha. Na ce masa, "Baba, malaman da suka faɗi wannan manya ne, kuma addini bai ƙuntata maka ba a irin wannan hali." Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce to in an tashi ni zan tsaya kusa da shi a sahu. Duk karatun da na yi a ƙasar nan, babu inda ya amfane ni kamar daren nan.

Ruwan da ya rufe duwatsun ranar bai tsaya ba. A makon nan ne ambaliyar 2010 ta fara daga arewa maso yamma, ta bi kogin Indus har kudu, ta shafi mutane kimanin miliyan 20. Hankalin ƙasa da na duniya ya koma can, kuma da gaskiyarsa. Amma iyalan mutanen jirgi suka zama kamar an manta da su, suna ta zarya tsakanin asibiti da ofisoshi suna jiran sakamakon gwaji. Waɗanda ba a gane ba aka yi musu salla aka binne su a maƙabartar H-11, dab da sabuwar harabar jami'armu. Muka shiga azumi a haka. Ammi takan zuba abincin buɗa-baki har da kwanonsa, sai ta farga ta miƙa wa matata ta ce a kai wa masu gadin layi. Cikin azumin aka kira Babaji aka ce jinin ya dace, aka nuna masa kabarin. 'Yan'uwa suka ce a tono a kai shi ƙauyensu. Ya ce a'a, yaron ya sha wahala, a bar shi inda yake tare da abokan tafiyarsa.

Mahaifiyata a Zariya ba ta san komai game da Pakistan ba sai abin da rediyo ya faɗa, kuma ta ji labarin a sashen Hausa tun ranar. Mu ma mun san wannan ɗacin: ba a daɗe ba da haɗarin Abuja na Oktoban 2006 da ya ɗauke Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, ga na Kano a 2002 da jirgi ya faɗa kan gidaje a Gwammaja. Ta ce min a waya, "Ɗan nan, ka gaya wa mutanen nan ina yi musu gaisuwa. Wa'adi ne, in ya cika ba makawa." Haka kowa ke cewa, a can da nan, kuma gaskiya ne. Da wannan na riƙe zuciyata har na gama karatu muka dawo gida.

Ina Zariya hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Pakistan ta fitar da rahoton bincikenta, a ƙarshen 2011. An tsinci akwatunan naɗar bayanai kwana uku bayan haɗarin, aka kai su Faransa aka karanta. Na sauke rahoton a shagon intanet na zauna da shi dare guda. Na yi zaton zan tarar da inji ya mutu ko tsawa ta faɗa wa jirgin. Lafiyar jirgin ƙalau. Airbus A321 ne, injinansa na aiki har ƙarshe.

Kyaftin ɗin dattijo ne da ya haura shekara 60, ya yi sa'o'i fiye da 25,000 a sama. Mataimakinsa matashi ne ɗan shekara 34, tsohon matuƙin jirgin yaƙi, sa'o'insa ba su kai 2,000 ba. Sun tashi daga Karachi ƙarfe 7:41 na safe. Rahoton ya ce tun suna hawa kyaftin ya fara yi wa mataimakin tambayoyi yana gwada saninsa, da kakkausan harshe da isa, yana dizga shi, kuma aka ɗauki kusan sa'a guda ana haka. Daga nan matashin ya ja bakinsa ya tsuke. Masu binciken suka ce ya karaya, ya daina ƙalubalantar duk abin da na gaba da shi ya yi.

Da suka iso Islamabad yanayi ya ɓaci. Wani jirgi ya riga ya haƙura ya juya, wani kuma sai a gwaji na uku ya iya sauka. Saboda yadda iska ke kaɗawa, dole su sauko ta gefe ɗaya su kewaya filin su sauka ta ɗaya gefen. Ƙa'idar wannan kewaye ita ce matuƙi ya riƙe filin da idonsa, kada ya yi nisa da shi, kada kuma ya sauka ƙasa da ƙafa 2,510. Kyaftin ya shigar da wata hanya tasa a kwamfutar jirgin wadda ba ta cikin ƙa'ida, ya sauko zuwa ƙafa 2,300, jirgin ya yi ta miƙawa arewa cikin gajimare, inda duwatsun suke. Na'urar da ke gargaɗin kusantar ƙasa ta fara ihu. A cikin daƙiƙa 70 na ƙarshe ta yi gargaɗi sau 21. Mataimakin ya ga abin da ke tafe. Ya ce wa kyaftin akwai dutse a gaba, ya juya hagu. Ya sake cewa ya ɗaga jirgin sama. Ya maimaita, yana haɗawa da girmamawa kowane karo. Kyaftin ya yi ta murɗa maɓallin juya jirgi zuwa hagu, amma bai ja shi ba, kuma sai an ja yake kamawa. Da ya ja daga baya, ya riga ya murɗa har ya zarce, sai jirgin ya karkata dama. An ji shi yana tambayar me ya sa jirgin ba ya juyawa hagu. Sandar tuƙi na gefen mataimakin, a wurin hannunsa, kuma doka ta ba shi ikon karɓe jirgin a irin wannan hali. Bai karɓa ba. Ƙarfe 9:41 suka daki dutsen.

Rugugin da na ji a ɗakin karatu ke nan. A lokacin da nake juya shafi, wani bawan Allah na can sama da kaina yana roƙon babbansa ya ɗaga jirgi, ƙanena kuma yana zaune a baya da tsarabar sa rana.

Ban rubuta wannan don in zagi mamaci ba. Kyaftin ɗin ya tafi gaban Ubangijinsa, yana da iyali da suka yi kukansa, kuma iyalan mamatan da kansu ba su gamsu da a ɗora komai a kan matuƙa ba. A farkon 2012 babbar kotun Peshawar ta ba da umarnin a sake bincike, domin akwai tambayoyi game da masu kula da zirga-zirgar jirage da sauran hukumomi. Amma abin da ya faru tsakanin mutum biyun nan na san shi, domin da shi aka raine mu. Ana ce mana bin na gaba bin Allah ne. Na yarda da girmama na gaba, da shi nake tarbiyyar 'ya'yana. Sai dai babban da ya mayar da girmansa abin muzanta na ƙasa, ya kashe bakin da wata rana zai cece shi. Sau nawa muka shiga motar haya direba na gudun wuce sa'a, yaron mota ya san birki ba shi da kyau, amma ba shi da bakin magana saboda an sha ce masa me ka sani?

Addininmu bai koya mana haka ba. A Bukhari da Muslim, Manzon Allah ya yi sallama bayan raka'a biyu a sallar rana mai raka'a huɗu. Abubakar da Umar suna cikin sahu, kwarjininsa ya hana su magana. Wani sahabi da ake kira Zul-Yadaini ya tambaye shi, an rage salla ne ko mantuwa ka yi? Bai tsawata masa ba. Ya juya ya tambayi jama'a ko gaskiya ya faɗa, suka ce e, ya tashi ya cika sallar ya yi sujadar rafkanuwa. Wanda ya fi kowa girma ke nan. Kullum muna karantar da yara cewa in liman ya yi kuskure mamu ya ce subhanallah, amma muna fita daga masallaci sai mu koya musu akasin haka. Kamfanonin jiragen sama sun gane wannan da tsada, shi ya sa yanzu ake yi wa matuƙa horo na musamman kan yadda ƙarami zai yi magana a ji shi, da yadda babba zai saurara. Kuma imani da ƙaddara bai hana tambayar sanadi ba. Na yarda kwanan ƙanena ya ƙare a ranar, ko da a kan gadonsa yake. Na kuma yarda cewa wanda aka ba amanar rayuka za a tambaye shi yadda ya riƙe ta.

A makarantar da nake shugabanta yanzu akwai malamai matasa da na haifi wasunsu. Ranar da sabon malami ya kama aiki nakan zaunar da shi in ba shi wannan labarin tun daga farko. In ce masa idan ya ga na kauce, a lissafin kuɗin makaranta ne ko a hukuncin da na yanke wa yaro, ya faɗa min a take, in ban ji ba ya ɗaga murya. Ba na yi wa malami gyara a gaban ɗalibai ko a gaban 'yan'uwansa. Wasu abokan aikina dattawa suna ganin na zubar da girma. Ba na jayayya da su, amma ban fasa ba.

Na yi ta jinkirin kiran Babaji bayan na karanta rahoton. Ashe surukinsa ya riga ya karanta masa abin da jaridu suka buga. Da muka gaisa ya ce, "Ɗana, sun ce yaron da ke gefe ya ga dutsen." Na ce haka ne, Baba. Ya ce, "Ya faɗa?" Na ce ya faɗa, ba sau ɗaya ba. Na ji numfashinsa a wayar. Ya ce shi ma ya yi shekaru yana aiki a ƙarƙashin manya a tashar jirgin ƙasa, ya san yadda harshe ke nauyi. Ya ce tun daga ranar yana sa yaron nan a addu'a tare da nasa, kuma yana so in riƙa sa shi ni ma. Game da kyaftin bai ce komai ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Babaji ya rasu bayan 'yan shekaru, aka binne shi a H-11 kamar yadda ya yi wasiyya. Ammi ta koma Rawalpindi wurin babbar 'yarta. Ƙafa ta hana ta fita, amma hankalinta garau, kuma jikokinta na haɗa ta da matata ta bidiyo a waya. Yarinyar da aka yi niyyar sa wa rana da ƙanena ta yi aure tuni, Ammi da kanta ta je bikin ta sa mata albarka. Wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya yi wa ƙanena addu'a, da Babaji, da mataimakin matuƙin nan, da sauran waɗanda ke cikin jirgin. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri.